Daga Ina Saurin Mamba da uv Ya Fito?

Malamar Ƙididdiga

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san cikin wannan al'amari su haska mini wani abu da ya daɗe yana damuna. Ina koyar da nazarin alƙaluma da harshen Python, kuma duk farkon zango aikina ne in shirya wa ɗalibai kwamfutocinsu. Shekaru kaɗan da suka wuce na zauna da kwamfutar wata ɗaliba domin in ƙara mata geopandas, wani ƙunshi, wato shiryayyen laburaren Python, a cikin muhallin conda, manhajar da ke girka ƙunshi, wanda ta riga ta cika da pandas da matplotlib da scikit-learn. Na buga umarnin, allon ya rubuta "Solving environment", 'yar alamar da ke gefensa ta shiga juyawa. Muka tafi sallar La'asar muka dawo tana nan tana juyi, daga baya aka ɗauke wuta, batirin ya ƙare ba a sauke ko da fayil guda ba. Washegari wani ɗalibi ya girka mamba, wata manhaja da ke yin aikin conda, a kan wannan kwamfutar, ya nemi wannan ƙunshin daga wannan rumbun na conda-forge, kuma kafin minti ɗaya ta cika an jero mana abin da za a sauke. Yanzu haka nake ganin irin wannan bambancin tsakanin pip, tsohon mai girka ƙunshin Python, da uv, sabon da ke yin irin aikinsa.

Tambayata kashi biyu ce. Daga ina wannan saurin ya fito, alhali kayan da ake nema ba su canza ba? Sannan amsar da aka samu cikin gaggawa, za a iya amince da ita kamar wadda aka daɗe ana lissafawa?

Ɗalibin Injiniya

Wa alaikumus salam, Malama. A fahimtata amsar tana cikin harshen da aka rubuta su da shi. An rubuta conda da pip da Python, shi kuwa mamba, wanda kamfanin QuantStack ya fara a 2019, da C++ aka rubuta shi, uv kuma da kamfanin Astral ya fitar a watan Fabrairun 2024 da Rust aka gina shi. Masu uv da kansu sun ce ya fi pip sauri ninki 10 zuwa 100. Harshen da ake mayarwa kai tsaye zuwa umarnin inji dole ya tsere wa wanda ake fassarawa layi bayan layi.

Tsohon Mai Linux

Ƙanena, akwai gaskiya a maganarka, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsohon mai warwarewa na conda, wato ɓangaren da ke zaɓen sigogin da za su dace da juna, yana miƙa ainihin lissafin ne ga wani inji mai suna PicoSAT ta hanyar pycosat, PicoSAT kuwa da harshen C aka rubuta shi tun asali. Da harshe kaɗai ne matsalar, da wannan ɓangaren bai taɓa jinkiri ba.

Bari mu fara da gane irin aikin da ake yi a lokacin da alamar ke juyawa. Kowane ƙunshi yana zuwa da sharuɗɗansa. A ce Malama tana son ƙunshi A da ƙunshi B. Sabuwar sigar A tana cewa sai da C siga ta 3 ko sama, B kuma yana cewa ba ya aiki sai da C da ke ƙasa da siga ta 3. Mafita ita ce a koma tsohuwar sigar A wadda ta yarda da C siga ta 2, amma wannan tsohuwar sigar tana iya zuwa da nata sharaɗin a kan D, wanda shi ma zai taɓa wani abin da aka riga aka zaɓa. Idan ƙunshi 30 ne kawai, kowanne da siga 10, yawan haɗin da zai yiwu shi ne 1 da sifili 30 a gabansa, kuma muhallin nazarin alƙaluma na gaske yakan ɗauki ƙunshi sama da ɗari. Tun a tsakiyar shekarun 2000, Roberto Di Cosmo da abokan aikinsa na shirin EDOS a Turai suka nuna cewa tantance ko ƙunshin Linux na tsarin Debian ko na RPM zai girku yana cikin rukunin matsalolin da ake kira NP-complete, wato daidai yake da matsalar SAT, ta gano ko za a iya cika tarin sharuɗɗa duka a lokaci guda, wadda Stephen Cook ya yi bayaninta a 1971. Ma'anar wannan ita ce ba a san wata hanya da za ta tabbatar da sauri a kowane hali ba.

Abin da ya nauyaya tsohon conda abu biyu ne. Yana karanta babban jerin rumbun, ya gina dubban sharuɗɗa a cikin Python kafin ya miƙa su, sannan ba sau ɗaya yake kiran PicoSAT ba. Yakan kira shi zagaye bayan zagaye domin ya tace amsar, a wani zagayen a rage abin da za a cire, a wani a ɗaga sigogi, a wani a rage yawan ƙunshi. Mamba kuwa ya ɗauko libsolv, wanda Michael Schroeder da abokansa suka fara a SUSE a 2007, aka sa shi cikin zypper, manajan ƙunshi na openSUSE 11.0, a 2008, daga baya DNF, manajan ƙunshi na Fedora, ya dogara da shi. An ƙera libsolv musamman don ƙunshi. Yana mayar da kowane suna da kowace siga zuwa lamba, ta yadda kwatanta biyu ba ya buƙatar karanta haruffa, kuma yana zaɓen sabuwar siga tun a lokacin da yake bincike maimakon ya sake zagaye don neman wadda ta fi. Su kansu masu conda sun amince da wannan, domin daga siga ta 23.10, a ƙarshen 2023, injin mamba, wato libmamba, ne ya zama na asali a cikin conda.

Malamar Ƙididdiga

Na gode, Malam. Amma akwai inda na tsaya. Idan an tabbatar cewa babu hanya mai sauri a kowane hali, ta yaya waɗannan injina suke gamawa cikin daƙiƙu a kusan kullum? Adadin da ka ambata ba abin da kwamfuta za ta iya ƙirgawa ba ne ko da za ta shekara dubu.

Malamin Lissafi

Malama, ki ba ni dama in amsa wannan da abin da ke da ni muka sani, wato tsara jadawalin darussa. A ce mataimakin shugaban makaranta ya zauna da fensir da magogi yana cika akwatuna tun daga Litinin. Ya kai ranar Alhamis sai ya tarar babu inda zai sa darasin kimiyya na aji uku. Mai tsarawa na farko zai goge akwatin ƙarshe da ya cika ya gwada wani, in bai yiwu ba ya goge na bayansa, haka zai yi ta komawa baya ɗaya bayan ɗaya, alhali asalin matsalar tana can ranar Litinin inda ya ba aji biyu ɗakin gwaji a lokacin da malamin kimiyya ke da sarari. Zai sake tsara Talata da Laraba ta kowace fuska kafin ya isa wurin, kuma kowane karo zai faɗa ramin da ya faɗa ɗazu.

Mai tsarawa na biyu idan ya cije sai ya tsaya ya tambayi kansa waɗanne zaɓuɓɓuka ne suka haɗu suka haifar da wannan cikas. Ya gano su, ya rubuta a gefen takarda cewa waɗannan biyun ba sa haɗuwa, ya tsallake kai tsaye zuwa Litinin ya gyara, kuma wannan 'yar ƙa'idar da ya rubuta za ta hana shi komawa duk wani tsari da ya ƙunshi wannan haɗin, ko da sun kai miliyoyi. Wannan shi ne koyo daga saɓani. Marques-Silva da Sakallah suka gabatar da shi a injin GRASP a 1996, Chaff ya ƙara masa sauri a 2001, MiniSat na 2003 ya sauƙaƙa shi yadda kowa zai iya karantawa, kuma daga dabarun MiniSat libsolv ya ɗebo nasa.

A ɓangaren uv, abin da yake amfani da shi shi ne PubGrub, wanda Natalie Weizenbaum ta tsara a 2018 domin manajan ƙunshi na harshen Dart. Hikimarsa ita ce ƙa'idar da yake koyo takan shafi zangon sigogi gaba ɗaya. Maimakon ya rubuta cewa A siga ta 2.1 ba ta haɗuwa da B, sannan ya sake gano haka ga 2.2 da 2.3, sai ya rubuta sau ɗaya cewa duk A daga siga ta 2 zuwa sama ba ta haɗuwa da B. Poetry da Bundler na Ruby da manajan ƙunshi na Swift duk sun ɗauki wannan tsarin.

Game da tambayarki kuwa, hukuncin NP-complete yana magana ne a kan hali mafi muni. Ƙunshin da mutane ke rubutawa suna da tsari, galibinsu sabuwar siga takan dace da sabuwar siga, saɓanin kuma yakan taru a wurare kaɗan. Injin da ya iya gano waɗannan wuraren da wuri ba ya buƙatar ya leƙa sauran.

Mai Kula da Sabar

Ina girmama bayanin malaman nan biyu, amma ina ganin an ba lissafin fiye da kasonsa. Shekaruna da dama ina girka manhajoji a sabar da layin intanet ɗinta ba shi da ƙarfi, kuma abin da na gani da idona shi ne yawancin lokacin yana tafiya ne wajen samo bayanin da za a yi lissafin da shi.

Ku duba pip. Kafin siga ta 20.3, wadda ta fito a Nuwamban 2020 da tallafin kuɗi daga Mozilla da Chan Zuckerberg Initiative, pip ba ya warware saɓani da gaske. Yakan ɗauki abin da ya fara cin karo da shi, wani lokaci ya girka abubuwan da ba sa jituwa. Sabon mai warwarewa ya gyara wannan, amma ya tono wata matsala da ke kwance. A lokacin, idan pip yana son sanin abin da wata siga take dogaro da shi, sai ya sauke ƙunshin gaba ɗaya ya buɗe shi. In kuma ƙunshin na ɗanyen tushe ne mai fayil ɗin setup.py, sai ya gudanar da wannan fayil ɗin tukuna, domin jerin abin dogaron ba rubutacce ba ne, shiri ne da sai an kunna shi yake faɗa. Na taɓa zama ina kallon allo yana cewa pip na duba sigogi da dama na botocore, ƙunshin da boto3 na ayyukan sabar Amazon ke dogaro da shi, yana sauke su ɗaya bayan ɗaya, kowanne megabayit da yawa, yana karanta layuka kaɗan daga ciki ya jefar ya ɗauko na baya. boto3 da botocore kusan kowace ranar aiki suke fitar da sabuwar siga, kuma kowace boto3 tana ɗaure da ƙunƙuntaccen zango na botocore, saboda haka komawa baya a cikinsu tafiya ce mai nisa. A wannan ranar, datar da na saya don aikin mako guda ta ƙare kafin azahar.

Gyaran wannan bai shafi lissafi ba. Ƙa'idar PEP 658 ta ba rumbun ƙunshi damar ajiye takardar bayanin kowane wheel, wato ƙunshin da aka riga aka shirya don girkawa, a matsayin ƙaramin fayil na daban, PyPI, babban rumbun ƙunshin Python, kuma ya fara bayar da ita a 2023. Inda babu wannan, uv yana amfani da cewa wheel fayil ɗin zip ne, jerin abin da ke cikin zip kuwa a ƙarshensa yake, sai ya roƙi sabar ta aiko masa da wannan gutsuren kawai, ya gano inda takardar bayanin take, ya ɗauko ta ya bar sauran. Kilobayit kaɗan ke nan a madadin megabayit masu yawa.

Conda yana da kishiyar wannan matsalar. Shi duk bayanin yana cikin fayil guda, repodata.json, amma na conda-forge ga Linux ya haura megabayit 100 kafin a matse shi, kuma sai an sauke shi an karanta shi kafin a fara komai. An rage nauyin da matsewa ta zstd, daga baya kuma a 2024 aka amince da tsarin gutsuttsura jerin ta yadda kowane ƙunshi yake da ɗan fayil ɗinsa, sai a ɗauko na waɗanda ake buƙata kaɗai. Ga mai layi mai rauni irin namu, wannan canjin ya fi kowane sabon injin lissafi amfani.

Ɗalibin Injiniya

Na karɓi gyara daga manyana, kuma na ƙaru sosai. Sai dai ina neman izinin in tsaya a kan ɗan abin da ya rage na maganata. uv ba ya jiran amsar roƙo ɗaya kafin ya aika na biyu. Yana aika da yawa a lokaci guda, har yana hasashen sigogin da zai iya buƙata ya fara ɗauko bayaninsu tun kafin ya iso kansu. Yana kuma ajiye kowane ƙunshi sau ɗaya a ma'ajiya guda a kwamfutar, idan sabon muhalli ya buƙace shi sai a haɗa shi da wannan kwafin ba tare da sake kwafewa ba. Irin wannan aikin na abubuwa da yawa a lokaci ɗaya ya fi sauƙin rubutawa cikin aminci da Rust. Saboda haka harshen bai kawo dabarar ba, amma ya buɗe hanyar aiwatar da ita.

Mai Rubuta Go

Ni kuma daga wata unguwar nake kallon ku, kuma abin da nake gani shi ne kuna ta inganta maganin ciwon da za a iya kauce masa. Russ Cox, ɗaya daga cikin masu gina harshen Go, ya rubuta a ƙarshen 2016 cewa zaɓen siga matsalar SAT ce, sai ya tambayi waɗanne zato ne suka mai da ita haka. A 2018 ya gabatar da zaɓen mafi ƙarancin siga, wanda ya shigo da Go 1.11. A wannan tsarin kowane ƙunshi yana faɗin mafi ƙarancin sigar da yake buƙata ne kawai, ba a yarda ya sa iyaka ta sama ba. Idan wani ya ce C daga 1.2, wani ya ce C daga 1.5, sai a ɗauki 1.5, ko da 1.9 ta fito. Babu bincike, babu komawa baya, bin jerin ake yi sau ɗaya a gama. Idan kuma marubucin C zai yi canjin da zai karya tsohon aiki, dole ya canza sunan da ake kiran ƙunshin da shi ya ƙara masa v2, ta yadda tsoho da sabo za su iya zama tare.

npm, manajan ƙunshi na JavaScript, ya kauce ta wata hanyar, inda yake barin kowane ƙunshi ya riƙe nasa kwafin na abin da yake dogaro da shi idan an sami saɓani. Cargo na Rust ma yana barin siga ta 1 da ta 2 na ƙunshi guda su zauna a shiri ɗaya.

Tsohon Mai Linux

Malam, tsarin Go yana da kyau a gidansa, amma ba kowane gida ne zai iya ɗaukarsa ba. Python idan ya shigo da laburare yana ajiye shi ne da sunansa a wuri guda, don haka numpy ɗaya kaɗai za a samu a cikin shiri mai gudana. Ko da an yi dabarar shigo da biyu, jerin lambobin da ɗaya ya ƙirƙira zai ratsa ta hannun pandas ya isa ga ɗayan, a nan kuma rikici zai tashi. Haka abin yake a Debian da Fedora, inda dubban manhajoji ke raba laburaren tsarin guda.

Hana iyaka ta sama kuma ya dogara ne da alƙawarin cewa sabuwar siga ba za ta karya tsohon aiki ba. Da NumPy 2.0 ya fito a Yunin 2024, ƙunshin da aka harhaɗa da siga ta 1 suka ƙi tashi a kansa, kuma waɗanda suka tsira a makonnin farko su ne waɗanda marubutansu suka riga suka rubuta cewa ƙasa da 2 suke so. Na yarda cewa yawan sa iyaka ba gaira ba dalili shi ne babban abin da ke jefa mai warwarewa cikin dogon bincike, amma akwai lokacin da ita ce gaskiyar lamarin, kuma tsarin da ba shi da hanyar faɗin ta ya ɗora nauyin ne a kan mutum. A Go kuma, gyaran tsaro da ya fito a 1.9 ba zai iso gare ka ba sai wani ya ɗaga lambar da hannunsa, wanda wasu ke ɗauka alheri ne wasu kuma haɗari.

Malamar Ƙididdiga

Kashi na farko na tambayata ya samu amsa fiye da yadda na zata. Ina so mu dawo kan na biyu, domin shi ya fi shafar aikina. Na taɓa ba ɗalibai biyu jerin ƙunshi iri ɗaya, ɗaya ya yi amfani da tsohon conda, ɗayar ta yi amfani da mamba, sai suka fito da sigogi mabambanta na wani laburare, har sakamakon wani aikin gida ya ɗan bambanta a lambobin bayan ɗigo. Wanne ne ya yi kuskure a cikinsu?

Malamin Lissafi

Babu wanda ya yi kuskure, Malama, muddin kowanne ya cika dukkan sharuɗɗan da aka rubuta. Jadawalin makaranta ɗaya yana iya samun tsari ɗari da duk suke daidai. Sharuɗɗa suna faɗin abin da ya halatta ne, zaɓe daga cikin halattattun kuwa ya rataya ga abin da injin ya fifita. Tsohon conda yana bin jerin ma'aunai yana neman amsar da ta fi dacewa da su baki ɗaya, wannan ne ma ya sa yake daɗewa. libsolv da PubGrub suna ɗaukar ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, su ba kowanne sabuwar sigar da za ta yiwu, su tsaya a amsa ta farko da ta cika sharuɗɗa. Shi ya sa a irin wannan tsarin wanda aka fara dubawa yakan sami sabuwar siga, na baya kuma ya haƙura da tsohuwa, har jeren da aka rubuta sunayen da shi yana iya yin tasiri.

Akwai waɗanda suka zaɓi su biya farashin neman amsa mafi kyau da saninsu. Spack, wanda aka fara a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka domin manyan kwamfutocin kimiyya, ya koma amfani da injin clingo a 2021, saboda a wurinsu ban da siga ana zaɓen abin harhaɗawa da nau'in inji da zaɓuɓɓukan gini. Wanda zai kwashe awanni yana harhaɗa manhaja ba zai damu da ƙarin daƙiƙu a wajen zaɓe ba.

Wani abin da nake ganin ya kai sauri muhimmanci shi ne abin da injin ke faɗa idan babu mafita. Tunda PubGrub yana ajiye kowace ƙa'ida da ya koya tare da iyayen da suka haife ta, idan ya gaza sai ya bi wannan salsalar ya rubuto ta cikin jimloli: saboda A yana buƙatar kaza, B kuma yana buƙatar kaza, buƙatunka ba za su haɗu ba. Na ga ɗalibi ya karanta irin wannan bayanin ya gyara layi ɗaya cikin minti biyu, bayan tsohon conda ya taɓa jero masa shafuka na saɓani da ba su nuna masa inda zai taɓa ba.

Mai Kula da Sabar

Malama, maganin abin da ya faru da ɗalibanki shi ne kada a bar kowa ya yi lissafin da kansa. Ki yi shi sau ɗaya a kwamfutarki, ki adana sakamakon a fayil ɗin kulle wanda ke ɗauke da ainihin sigar kowane ƙunshi da tambarin tantance shi, ki raba musu. uv yana rubuta uv.lock, pixi na kamfanin prefix.dev yana rubuta nasa ga ƙunshin conda, kuma a Maris na 2025 an amince da PEP 751 wadda ta kafa tsari guda mai suna pylock.toml ga Python. Mai girkawa daga fayil ɗin kulle saukewa kawai yake yi.

Ga aji guda kuma zan ƙara da cewa ki sauke dukkan ƙunshin sau ɗaya da pip download zuwa babban fayil, ki zuba a filashi, kowane ɗalibi ya girka daga ciki ba tare da ya taɓa intanet ba, in dai kwamfutocin nau'i ɗaya ne kuma sigar Python ɗinsu ɗaya ce. Sannan ki lura cewa abin da ya cinye miki la'asar ɗin nan, ƙara sabon ƙunshi ne a tsohon muhalli, inda injin ke ƙoƙarin kare abin da ke ciki da kuma shigo da sabo. Ƙirƙirar sabon muhalli da dukkan sunayen a umarni ɗaya yakan fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuma kina haɗa rumbu biyu, ki kunna tsauraran fifikon rumbu na conda, wato a ɗauki ƙunshi daga rumbun farko idan yana da shi, domin hakan yana zubar da ɗimbin sigogi kafin a fara lissafi.

Tsohon Mai Linux

Akwai abu ɗaya da nake so matasanmu su riƙe a zuciya yayin da suke komawa sababbin kayan aikin. uv bai iya yin abin da yake yi ba sai don shekarun da masu aikin sa kai na Python suka kwashe suna kafa ƙa'idoji, tun daga tsarin wheel har zuwa rubuta abin dogaro a pyproject.toml da raba takardar bayani daga ƙunshi. pip yana ɗauke da nauyin tsofaffin ƙunshi da tsofaffin ɗabi'u da ba zai iya yarwa ba tare da ya karya aikin miliyoyin mutane ba, sabon shiga kuwa yana da 'yancin ya ƙi ɗaukar wasu daga ciki. Astral kamfanin kasuwanci ne, kodayake lasisin uv a buɗe yake, MIT da Apache, wanda ke nufin kowa na iya ɗaukar tushen ya ci gaba da shi. Ni ina amfani da shi kullum kuma ina jin daɗinsa, amma ina rubuta abin da aikina ke dogaro da shi a cikin tsarin da kowane kayan aiki zai iya karantawa, domin in sami damar sauyawa duk ranar da bukatar hakan ta taso.

Malamar Ƙididdiga

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da daddare na gwada shawarar Malam mai kula da sabar. Na rubuta ƙunshi bakwai da darasin wannan zangon ke buƙata a pyproject.toml, na sa wa kowanne mafi ƙarancin sigar da na san darasin na aiki da ita, na bar uv ya fitar da fayil ɗin kulle. Da gangan na ƙara sharaɗin tsohuwar sigar numpy don in ga abin da zai ce, sai ya ƙi, ya rubuto mini a layi huɗu cewa sigar pandas da na nema tana buƙatar numpy da ta fi wannan sabunta. Na cire sharaɗin, na sauke ƙunshin zuwa filashi biyu, ɗaya na masu Windows ɗaya na masu Linux. Akwai ɗaliba guda mai kwamfutar Mac, ita kaɗai za ta girka nata daga intanet da fayil ɗin kullen, kuma ranar Litinin zan kwatanta sakamakon aikinta na farko da na sauran ajin.